Tsohuwar Mota, Sabon Inji: Yadda Aikin Ya Tashi Daga Ƙarfe Ya Koma Waya

 

Yau hirarmu ta gareji ce. Ku shiga kowace tasha ranar cin kasuwar ƙauye, ku dubi motocin da ke lodin mutane da buhunan hatsi da awaki. Da yawa cikinsu sun girmi direban da ke tuƙa su. Amma in aka ɗaga kapo, sai ku tarar abin da ke ciki ba tsaran gangar jikin ba ne. Sunan da ke goshin mota daban, injin da ke jan ta daban. Wata ta cinye inji uku, wata huɗu, tana nan tana cin hanya. Wannan dashen inji shi ya riƙe sufurin talaka a ƙasar nan shekara da shekaru.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar, aikin ya sake kama. A da, sauya inji aikin guduma ne da walda da ƙarfin damtse. Yanzu injin da ke sauka daga jirgin ruwa yana zuwa da ƙwaƙwalwa, da damin waya, da makulli mai sirri, kuma in babu su ko tari ba zai yi ba. Mutum nawa suka saida sa ko gona suka sayi inji, mota ta share wata shida a gareji har kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta? Don mu gane yadda aka zo nan, bari mu koma baya.

Lokacin da kunne ke gyaran mota

Mota ba ta daɗe sosai a ƙasar nan ba. A ƙarshen 1924, ayarin motocin Citroën guda takwas, masu sarƙa a baya kamar tankar yaƙi, suka taso daga Aljeriya suka keto hamada, suka bi ta Yamai da Damagaram suka nufi tafkin Cadi. Lokacin Damagaram ce mazaunin gwamnan mulkin mallaka, sai a 1926 aka maida fadar Yamai. Waɗancan motocin na nuna bajinta ne kawai. Abin da ya zaunar da mota a ƙasar Hausa gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya sai an kai ta bakin dogo. Raƙumi da jaki suka fara ɗauka, kamiyo ya zo ya karɓe. Da yawa daga alhazan Maraɗi na farko, da gyaɗa da kamiyo suka tashi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. Manyan motocin Berliet suka cika hanyoyi, Land Rover kuma ta zama motar kwamanda da jandarma da likitan dabbobi. A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin uraniyom ya shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Makanikanmu na farko a garejin gwamnati da na soja da na kamfanoni suka koyi aiki, daga baya kowa ya samu gindin bishiyarsa, ya tara yaran dangi ya maida su aparanti.

Injin wancan zamani abu uku yake so: mai, iska da wuta. Karbirater, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa kafireto, shi ke gauraya isansi da iska. Dalko ya raba wuta, bis filatine ta katse ta a kan lokaci, buji ya kunna. Injin gazuwal ma ya fi sauƙi, don famfonsa na ƙarfe ne zalla, in ya riga ya tashi bai damu da batir ba. Komai ido na gani, hannu na taɓawa. Gwanin makanike zai ɗora bakin turnabis a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka inda ciwon yake kafin ya kwance ƙusa ko ɗaya.

Zamanin Fijo

In ana maganar dashen inji a ƙasar nan, dole a fara da Peugeot, wadda muke ce wa Fijo. An fito da 404 a 1960, 504 kuma a 1968. A 1969 aka zaɓi 504 motar shekara a Turai, a 1975 ta cinye tseren Safari na Kenya, wanda ke cikin mafi wahala a duniya. Mu nan mun san ta da bashe mai ɗaukar kaya, da familiyal mai layin kujeru uku. Turawa sun yi ta don mutum bakwai. Mu kuwa kowa ya san yawan da ke shiga.

Ta hanya uku Fijo ta shigo mana. Akwai sababbi da kamfanonin Faransa ke saidawa a Yamai. Akwai na Kaduna, inda masana'antar PAN ta fara harhaɗa Fijo a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin ta. Sai kuma hanyar hamada: samarin Turawa su sayi tsohuwar Fijo da araha, su tsallaka teku, su bi ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su saida ta a Agadas ko Tawa ko Yamai, su hau jirgi su koma da ribar. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990, da tawaye ya tashi a arewacin ƙasarmu, yaƙi kuma ya ɓarke a Aljeriya.

Me ya sa sauya injin Fijo bai da wuya? Injin isansi na 404 da na 504 ƴan gida ɗaya ne. Inji a miƙe yake, ƙafafun baya ke ja, ɗakin injin kuma da faɗi har yaro zai iya shiga ya tsaya. Mai son rage tsadar mai sai ya nemi injin gazuwal na Indenor, shi ma na gidan ne. Kayan gyara kuwa sun cika Ƙofar Ruwa a Kano da Katako a Yamai. Abin da makanike zai duba bai wuce huɗu ba: ƙafafun da inji zai zauna a kai, haɗuwarsa da buwat, radiyater, da bututun hayaƙi. Inda bai zauna ba, mai walda ya zaunar da shi. Wayoyin da za a jona ana ƙirga su da yatsun hannu: ta batir, ta demarer, ta bobin, ta altanater, sai ta fitilar mai da ta zafi. Kwana biyu ko uku mota ta koma layi.

Toyota ta zo ta bi wannan sawu. Hilux da Land Cruiser da Hiace suka shiga inda Fijo ke nutsewa a rairayi. A 1987 sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya da waɗannan motoci, har duniya ta sa wa rikicin suna yaƙin Toyota. A 1990 aka fito da injin 1HZ, gazuwal mai silinda shida, lita 4.2, famfonsa na ƙarfe. Shi da ƙannensa 2L da 3L da 5L suka zama zinariyar garejojinmu. Ba abin mamaki ba ne ka ga tsohuwar Land Rover da zuciyar Toyota a ƙirjinta. Har yau direban Agadas zuwa Dirku ya san dalilin da ya sa yake riƙe da wannan inji: in ya tsaya a tsakiyar Tenere, da kayan da ke cikin akwatinsa zai tada shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda inji ya samu ƙwaƙwalwa

Muna nan muna walda, can a Turai da Amurka wata magana ce ta taso, maganar hayaƙi. Birane sun turnuƙe, gwamnatoci suka fara ɗaure masu ƙera motoci da doka. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa wa wata Volkswagen na'urar lantarki da ke auna man da za a fesa wa inji. A 1976 Volvo ta fito da ɗan rahoton da ke sansanar hayaƙi ya faɗi ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. A 1979 aka haɗa lissafin mai da na wuta a akwati ɗaya cikin wata BMW. Wannan akwati shi ne ƙwaƙwalwa, wadda ƴan gareji ke ce wa kalkilater.

Abin da ya kashe karbirater ita ce dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 1, wadda ta fara aiki a 1992. Ta tilasta sa katalizer, wato matatar hayaƙi, a sababbin motocin isansi. Ita kuwa matatar ba ta aiki sai an auna mai da iska daidai wa daida a kowane daƙiƙa, abin da karbirater ba ya iyawa. Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 1996 Amurka ta wajabta wata kafa iri ɗaya a kowace mota, inda ake jona kwamfutar bincike, wato baliz, Turai ta bi a 2001. Gazuwal ma ya shiga hannun lantarki, a 1997 aka fito da tsarin da Peugeot ke kira HDi, Toyota ke kira D-4D. A 1998 Jamus ta wajabta makullin hana sata: ɗan ƙwayar lantarki a cikin kan makulli, wanda in ƙwaƙwalwa ba ta gane shi ba, ba za ta saki mai ba. Zuwa farkon shekarun 2000, akwatunan lantarki sun yi yawa a mota ɗaya, na inji, na birki, na allon direba, suna magana da juna ta waya biyu tak. A motoci irin su Peugeot 307, ƙwaƙwalwar inji ba ta yarda ta yi aiki sai ta ji muryar wani akwatin da ke ƙarƙashin allon direba.

Duk waɗanda suka tsara wannan, babu wanda ya yi tunanin hanyar Dakoro ko ta Tanut. Amma abin da yake sabo a Turai yau, bayan shekara goma ko sha biyar shi ke sauka a tasharmu.

1994 da hanyar Kwatano

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma 100 dare ɗaya. Sabuwar mota da sabon kayan gyara suka ninka kuɗi, har ma'aikacin gwamnati ya haƙura da su. Kowa ya koma okaziyo. Tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta zama babbar kasuwar tsofaffin motocin Turai, ayari na tasowa ta Paraku da Malanbil, su tsallaka gadar Gaya, su bi Doso zuwa Ƙonni da Maraɗi, da yawa kuma su zarce Najeriya. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Bayan motocin sai kwantenonin injuna. Wasu daga wuraren farfasa motoci na Turai, wasu daga Japan, inda tsadar binciken lafiyar mota ke sa mutane rabuwa da ita tun injin da sauran ƙarfinsa. Irin waɗannan sukan biyo ta Dubai. A shekarun farko ba a ji jiki ba, don motocin da ke zuwa na shekarun 1980 ne, su Starlet da Corolla da Peugeot 505, yawancinsu da karbirater ɗinsu. Sannu a hankali waɗannan suka ƙare a can. Abin da ke cika kwantena yau injin anjakter ne mai ƙwaƙwalwa.

A nan matsalar ta faro. Mai kwance inji a wurin farfasa motoci sauri yake yi. Sau da yawa almakashi yake sawa ya datse damin wayar, ƙwaƙwalwa ta tafi wani buhu, makulli ya bi gangar jiki zuwa narka. Ɗan kasuwa ya kawo inji fes, yana ƙyalli, an wanke shi da gazuwal. Mai mota ya biya, yana ganin ya sayi inji, alhali rabi ya saya. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Hanya biyu da makanikanmu suka bi

Hanya ta farko ita ce a raba inji da ƙwaƙwalwarsa. A kwance anjakter, a nemo bakin shan iska na tsohon inji, a ɗora karbirater, a dasa dalko. Za ka ji ana cewa: «Maigida, a hidda wannan tarkacen, a maida ta yadda munka sani.» Kada mu raina wannan dabara, don ta ceci motoci da yawa a lokacin da babu baliz ko ɗaya a gari. Tana yiwuwa a injunan farkon shekarun 1990, waɗanda asalinsu na karbirater ne aka ƙara musu lantarki. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya. Sai dai shan mai yakan ƙaru, ƙarfi ya ragu, buji ya riƙa yin baƙi. Kuma hanyar tana ƙara ƙuncewa. Injunan baya, kamar 1ZZ na Corolla, kowane buji da bobin ɗinsa a kai, ko ramin da za a dasa dalko babu. Tsofaffin karbirater masu lafiya su ma suna ƙarewa.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko inji da iyalinsa gaba ɗaya. Don a gane dalilin, sai a san yadda yake aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta gani, da rahoto take aiki. Akwai ɗan rahoto, wato kapter, da ke gaya mata inda juyin inji ya kai. Wani ya faɗi zafin ruwa, wani yawan iskar da ta shiga, wani yadda direba ya taka totur, wani kuma warin hayaƙi. Ita sai ta lissafa ta ce wa anjakter ya buɗe na ɗan ƙiftawa kaza, ta ce wa bobin ya saki wuta yanzu. In rahoton juyin inji bai iso ba, babu mai, babu wuta. In na zafin ruwa ya yi ƙarya, mota ta riƙa shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma.

Saboda haka mai sayen irin wannan inji ya tabbata an ba shi damin wayar cikakke da kawunansa, ba datsattse ba. Ya karɓi ƙwaƙwalwar da ta fito daga motar da injin ya fito. In mai makullin sirri ne, ya karɓi makullin, da zoben da ke kewaye da kontak, da akwatinsu, don tare aka ɗaura musu aure a masana'anta. Ya nemi ma'aunin iska, in kuma totur ɗin na lantarki ne, har fedar sai ta biyo. Akwai masu iya cire sirrin makulli daga ƙwaƙwalwa da kwamfuta, amma aikin gwani ne, kuskure kaɗan akwatin ya mutu.

Sai maganar mai, inda rai ke ciki. Famfon karbirater a hankali yake turo isansi, matsinsa bai kai rabin ba ɗaya ba a ma'aunin bar. Anjakter kuwa wajen bar uku yake so, da famfon lantarki, wasu injunan har da bututun maida ragowar mai tanki. Wanda ya bar tsohon tiyon roba ya ɗaure shi da waya, ranar da ya fashe isansi zai yi feshi a kan inji mai zafi, mota cike da mata da yara. A gazuwal na zamani matsin ya wuce bar 1,300. Tsohuwar al'adar sassauta bututun anjakter inji na aiki don a ga ko mai na zuwa, a nan tana iya huda fatar hannu. Ita ƙwaƙwalwar kuma a nema mata wuri cikin mota, nesa da zafi da ruwan damina, a ba ta fiyus da rile nata, a ɗaure wayar masa da kyau a jikin ƙarfe.

Akwai kuma ɗabi'un da muka gada daga zamanin Fijo, waɗanda a can ba su da laifi, a nan kuwa kisa ne. Cire kan batir inji na aiki don a gwada altanater yana iya ƙona ƙwaƙwalwa nan take. Haka walda a jikin mota ba a cire batir ba, haka juya wayoyi wajen ba da wuta daga wata mota, haka gwada waya ta hanyar karta ta a ƙarfe a ga tartsatsi. Fiyus ya ƙone a ɗaura waya a madadinsa, gobe damin gaba ɗaya ya narke. Cire tarmosta da sunan wai ƙasarmu da zafi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu safiya ce.

Man da muke zubawa

Sabon inji yana da tsantseni wajen abinci. Isansi mai gubar dalma yana kashe ɗan rahoton hayaƙi da katalizer, kuma sai ranar 1 ga Janairu 2006 ƙasashen Afirka kudu da hamada suka daina shi. A Nuwamba 2011 matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram. Amma kowa ya san sau da yawa tafiyarmu da man kwalba ake yin ta, na ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya. Karbirater yana haƙuri da ƙura da ɗigon ruwa, in ya toshe a busa shi da baki a wuce. Ramin anjakter kuwa ya fi na allura ƙanƙanta. Wanda ya dasa sabon inji bai wanke tsohon tanki ba, bai sa matatar mai ta kirki ba, ya shirya komawa gareji.

Shekarar 2023 ta sake lissafin gaba ɗaya. Ranar 29 ga Mayu Najeriya ta janye tallafin man fetur, man kwalba mai araha ya zama labari. Bayan 26 ga Yuli kuma iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin dako ya hau. Wato inji ya ƙara tsada, kuskure wajen sayensa ya ƙara ciwo, kuma kowace lita da mota ta sha a banza daga tukunyar gidan direba ake cire ta. Injin anjakter da aka dasa daidai yana rage shan mai, yana tashi da sanyin hunturu ba sai an tura ba. Wanda aka dasa rabi da rabi ya haɗa wahalar tsoho da tsadar sabo.

Birki da takarda

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, birki da ƙafafun mota an yi su ne daidai ƙarfin injin asali. In aka ba tsohuwar bashe injin da ya ninka nata ƙarfi aka bar mata birkin 1980 da tayoyin da suka suɗe, an ƙara mata gudu ba a ƙara mata tsayawa ba. Kuma a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, jaki ba ya sallama kafin ya tsallaka. Na biyu, kat giriz tana ɗauke da irin man da mota ke sha da ƙarfin dawakinta. Wanda ya maida motar isansi ta gazuwal bai je an gyara takarda ba, ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfanin asiransi na iya samun hujjar ƙin biya. Kuma ya riƙe rasit ɗin injin, mai ɗauke da lambarsa, kada wata rana a ce na sata ne.

Wa zai riƙe sana'ar?

To jama'a, ga inda tarihin ya kawo mu. Shekara sittin ilimin mota yana hannunmu. Bature ya ƙera, amma mu muka san yadda ake raya ta bayan shi ya yar. Yanzu wani ɓangare na ilimin ya shige cikin akwati, yana magana da lambobi da zanen waya, da Faransanci ko Ingilishi. Yaron da aka cire daga lakkol yana aji uku aka kai gareji, zai iya zama gwanin kwance inji, amma ranar da baliz ta rubuto masa laifin mota, sai ya nemi mai karanta masa. In muka bar abin haka, garejojin unguwa za su koma wurin canjin taya da man inji, babban aikin ya tattara a hannun mutum biyu ko uku a kowane gari, su yanka kuɗin da suka ga dama.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Baliz ƙarama yanzu ana jona ta da wayar salula, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai fahimtar abin da ta faɗa, don ita alamar ciwo take nunawa, gano tushensa sai mai tunani. A nan tsohon maigidan gareji da yaron da ya yi karatu ke buƙatar juna: ɗaya ya san kukan inji, ɗaya ya san karatun waya. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwa da dama, muna da asusun FAFPA da aka kafa don horar da masu sana'a, muna da makarantu irin su lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi. Ƙungiyoyin makanikai da sandikan direbobi su ne ya kamata su ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi, su nemi darasin lantarkin mota na yamma ga waɗanda ke bakin aiki. Iyaye kuma, in za a kai yaro gareji, a bar shi ya iya karatu da lissafi tukuna.

Kai kuma mai mota, kafin ka ƙirga jikkunanka a hannun mai saida inji, yi masa tambaya uku: ina damin wayar, ina ƙwaƙwalwar, ina makullin? Sa'annan ka tambayi makanikenka tsakani da Allah ko ya taɓa dasa irinsa ya tashi. In amsar ba ta gamsar ba, gara ka gyara tsohon injinka ka ƙara shekara biyu da shi. Araha ba ta ado.

Makanikai da direbobin da ke tare da mu, ku faɗa mana injin da kuka dasa a wace mota, da yadda ta kaya, don na baya su ƙaru. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'a.